Uban Jariri Ya Tsallake Katanga

Ku da kuke leƙowa shagona a Pantami kuna tambaya wai me ya sa kaset ɗaya yake cin kwana huɗu a hannuna, ku ja benci ku zauna. Na san abin da ke ranku. Kuna cewa ai ba wani aiki ba ne, a kunna kaset a talabijin, a saita waya a gabansa, a ɗauka, a ɗora a intanet, shi ke nan. Ni Sale, gashin kaina ya yi fari a cikin wannan sana'a, kuma na ga inda irin wannan saurin naku ya kai mutane.

Wata ranar Talata wani ma'aikacin gwamnati mai suna Bello ya zo daga Dawaki da kaset a naɗe cikin ɗankwali. Ya ajiye shi a kan teburina a hankali, ya ce kaset ɗin ranar sunansa ne. Mahaifinsa ya rasu tun ba a yaye shi ba, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba, don ɗan katin da ke da hotonsa ma gara ta cinye shi tare da akwatin. Bello ya haura talatin, yana da 'ya'ya uku, bai taɓa ganin fuskar ubansa ba. Ya ce, "Malam Sale, an ce yana cikin nan. Ka fito mini da shi in gan shi, in ɗora shi, 'ya'yana da dangi su gani. Mahaifiyata kaɗai ta rage da za ta gane shi, ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani."

Ba ni ya fara kawo wa ba. Ya fara kai wa wani mai shagon cajin waya, irinku, mai saurin hannu. Wannan ya aro tsohuwar na'ura, ya kunna, ya ɗauka da waya, ya duba ya ga wani mutum riƙe da kan jariri, ya ce ai ga uban nan. Hoton ya yi dishi-dishi, sai ya zuba shi a manhajar nan mai gyara fuska. Ta fito masa da wani kyakkyawan mutum mai haƙora farare tas kamar na tallan man goge baki. Suka ɗora, suka rubuta Allah ya jiƙan Baba. Mutanen Kwadon, inda aka yi sunan, ba su gane fuskar ba amma sun gane hular da gemun. Na Garba wanzami ne, wanda ya yi wa jaririn aski. Washegari aka cika ƙofar gidansa da 'yan ta'aziyya, aka same shi zaune yana yi wa wani ƙaho. An ce da suka riga suka ɗaga hannu, shi ma ya shafa fatihar. Ita kuwa na'urar aron, kafin ta saki kaset ɗin sai da ta tauna kusan kamu biyu na zarensa.

Da na juya kaset ɗin na ga rubutun da ke jikinsa, sai na yi dariya ni kaɗai, don na san hannun. Rubutun maigidana ne, Oga Emeka, mutumin ƙasar Ibo da ya zo Gombe da kyamara ɗaya tak, irin ta kafaɗa mai nauyin ɗan akuya. A wurinsa na koyi aiki. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa kyamarar nan ba. Aikina riƙe fitila, wata fitila mai zafin tsiya da ke narkar da kwalliyar amare, da kuma ɗaura ɗamarar batir a ƙugu ina bin bayansa. Shi ya koya mini kada in taɓa goge gilashin kyamara da bakin riga, kuma da an gama aiki in ɓalle ɗan haƙorin da ke bayan kaset don kada wani ya ɗauki wasan ƙwallo a kan ɗaurin auren mutane. Ya koma garinsu da daɗewa, Allah ya saka masa da alheri. Wato ni na riƙe fitila a ranar sunan Bello, kuma na tuna ranar sarai, don ban taɓa yin gudu irin nata ba.

Wan mahaifin Bello ne ya ɗauko mu, wani dillalin auduga mai son a san da shi. Bello kuwa ɗan fari ne, gidan kuma na Fulani. Kun dai san kunyar ɗan fari, ko da yake ku yanzu tun daga asibiti kuke ɗora hoton jariri kuna sumbatarsa. A lokacin, uba ba ya zama a wurin sunan ɗansa na fari. Da an yi addu'a sai ya sulale, abokansa su ɓoye shi har yamma. Oga bai san da wannan ba. A garinsu uban jariri shi ne a gaba, yana rawa ana yi masa liƙi. Ya ɗauki rago, ya ɗauki liman, ya ɗauki masu rabon goro, sannan ya juyo gare ni.

"Sale, ina baban yaro?"

Na ce, "Oga, ya fita. Kunya yake ji."

"Kunyar me? Ya yi sata ce?"

Na ce al'ada ce. Ya ce shi bai taɓa kai wa mutane kaset ɗin suna babu uba a ciki ba, kuma ba zai fara a Kwadon ba, za a ce bai iya aiki ba. Ya saɓa kyamara, na bi shi da fitila da tsakar rana. Mata suna ta dariya ta kan zana suna nuna mana hanya, rabi suna nuna gabas rabi yamma. Muka hango gefen farar riga ta sha kwana bayan rumbu. Muka bi ta garken awaki, muka fito ta bayan wani gida, muka ga diddige yana shigewa lungu. Oga yana haki yana kira, "Baban yaro, tsaya, minti ɗaya ce!" Daga ƙarshe muka faɗa wani zaure, muka tarar da maza huɗu cikin farar shadda iri ɗaya da hula iri ɗaya suna shan kunu. Na haska su. Suka ɗago kai gaba ɗaya, sannan suka watse, biyu ta ƙofa, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ya tsallake katanga. Oga ya yi tuntuɓe da ƙwaryar kunu ya faɗi, kyamara ta ci gaba da ɗaukar rufin zaure da wata zabuwa da ta shigo shan kunun. Ni dai ban ga fuskar kowa ba, don mai riƙe fitila ba ya ganin komai sai hasken fitilarsa.

Na gaya wa Bello duk wannan. Sai ya ce, "To ka juyo mini da shi a kwamfuta mana, tunda bayansa ya fito." Ban yi mamaki ba. Kullum ana roƙona irin wannan. An taɓa cewa in sa wa wani ango hula saboda ya manta da ita, wata kuma ta ce in cire tsohuwar ƙawarta daga bikinta amma in bar zanen da ta ɗaura, don nata ne ta ara mata. Na ce wa Bello abin da kyamara ba ta gani ba, kwamfuta ba ta da shi. Duk abin da muke da shi yana cikin ɗagowar kai ɗin nan ta zaure, kuma ba ta kai rabin daƙiƙa ba.

Abin mamaki ma shi ne kaset ɗin ya rayu, kuma ba don ni ba. Shekarar da faifai ya shigo, na bi unguwa-unguwa ina cewa kaset ya mutu, a kawo in mayar a faifai. Mutane suka kawo, na mayar, suka zubar da kaset. Wasu manoma suka zare zaren suka ɗaure a gona don korar tsuntsaye, auren mutane da sunayensu suna ta walƙiya a kan gero. Ashe faya-fayan da na saro na banza ne. Bazara ɗaya suka sha, bayansu ya fara saɓulewa kamar fatar albasa. Sai ga mutane a ƙofata. Wannan ya ce liman ya buɗe baki zai ɗaura aurensa ya ƙi rufewa, wancan ya ce amaryarsa ta tsaya a bakin mota har yau ba ta fito ba. Ba ni da abin ba su, asalin yana gona. Na rufe shago na tafi taya yayana sarin tumatir har damina ta wuce, kuma har gobe akwai wata Hajiya da ba ta amsa gaisuwata. Na ji kunya ƙwarai. Tun daga nan ba na barin kowa ya yar da kaset, ko na mayar masa da shi sau goma. Mahaifiyar Bello ba ta saurari wa'azina ba, ta jefa nata a cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa ta rufe.

Ranar farko ban ma kunna shi ba. Na kwance ƙusoshinsa biyar na buɗe, na ga fumfuna ta yi fari a jikin zaren kamar an barbaɗa garin rogo. In ka sa irin wannan a na'ura, ka kashe kaset ka kashe na'urar. Na zauna da tsumma mai laushi da sifirit ina murza zaren da hannu, kamu bayan kamu, tun hantsi har la'asar. Inda na'urar aro ta tauna, na shimfiɗa shi na lallaɓa na miƙe, wanda ya yage na yanke na haɗa. Allah ya taimaka ɓarnar a wajen fiɗar rago take.

Rana ta biyu na goge kan na'urata, na jona ta da kwamfuta da igiyar waya, na tayar da janareto tun farko, don in aka ɗauke wuta a tsakiya sai an koma baya, kuma tsohon kaset ba ya son yawan zirga-zirga. Na kwashe shi gaba ɗaya ba tare da na matse ba. Awa uku ne, sai ka zauna awa uku, babu gajeriyar hanya.

Rana ta uku ita ce ta abin da ba ku sani ba. Kyamarar wancan zamani ba ta ɗaukar hoto cikakke a lokaci ɗaya. Tana ɗaukar rabi, layi-layi, sannan ta ɗauki ɗaya rabin, sai talabijin irin na da ya saƙa su kamar yadda kake sarƙe yatsun hannuwanka. Waya ba ta iya wannan saƙar ba, sai ta nuna rabi biyun a tare, shi ya sa duk abin da ya motsa sai ya fito da haƙora a gefe kamar mataji. To ku ƙaddara maza huɗu suna gudun ceton rai. Kowace fuska ta zama mataji. Na raba kowane hoto gida biyu, hotuna tara na zauren suka zama goma sha takwas, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na samo wa kowane mutum guda inda ya ɗan tsaya.

Na kuma bar hoton a faɗinsa na asali, da baƙi a gefe da gefe. Ku kuna jin haushin baƙin nan, sai ku ja hoton ya cika waya, kowa ya kumbura. Wata Hajiya ta taɓa kawo mini ƙarar bidiyon aurenta da aka yi wa haka, ta ce an mayar da ita tulu. Na gyara. Sai ga mijinta ya biyo bayanta, siriri kamar sillen kara, ya ce shi a bar masa na farkon, don a nan ne kaɗai ya taɓa yin kama da mai hali. Ya tambaya ko za a iya rage ta ita kaɗai a bar shi.

Saura shirin ɗorawa. Dandalin bidiyo yana matse duk abin da aka ba shi. In ka miƙa masa ƙaramin hoto mai yashi-yashi, sai ya ƙarar da ƙarfinsa a kan yashin, ya dama fuskar mutum kamar fate. Don haka sai ka rage yashin kaɗan, kaɗan fa, in ka zarce kowa ya koma ɗan roba. Sannan ka ƙara girman hoton kafin ka ɗora, saboda dandalin nan gidan biki ne, mai babbar riga ake zuba wa nama. Na yi duk wannan, na tsayar da kowace fuska ta ɗan jima yadda matsewar ba za ta cinye ta ba.

Rana ta huɗu na kira Bello na jera masa fuskoki huɗu. Ba su yi tas ba, amma fuskokin mutane ne na gaskiya, kowanne da hancinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce na biyun ne, jikinsa ya ba shi. Bayan azahar ya ce a'a, na huɗun ne. Ya ce ko mu sa su a manhajar nan su ƙara fitowa. Na ce, "Manhajar nan ba ta san babanka ba. Hancin wani za ta aro ta liƙa masa, ka yi ta yi wa baƙo addu'a." Ya nemi mai shaida. Baffansa dillalin auduga ya rasu, abokan nan ma babu wanda ke raye. Ya je wurin Garba wanzami da hotunan, Garba ya kawar da kai ya ce, "Ni ai kun kashe ni. Ku je ku tambayi masu rai."

Ta rage mahaifiyarsa, kuma a nan gizo ke saƙar. Bello ba ya iya tambayarta. Kakarsa ce ta raine shi, mahaifiyar kuwa Adda yake ce mata kamar yayarsa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan, sunan mijinta kuwa ko a kuskure bai taɓa fita daga bakinta ba. Ya aika matarsa ta tambaye ta, ta ce, "Ni ina zan sani? Ranar ina ɗaka." Na ce masa kada ya sake tambaya. Ranar da zai kawo ta ganin likitan ido, ya biyo da ita ta nan, ya ce za ta ga mahaifiyarta a kaset. Ba ƙarya ba ne, tsohuwar tana ciki tana rabon waina.

Ta shigo da sallama, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin shuɗin mayafi. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata kujera dab da babban allo saboda idon. Bello ya tsaya can baya jikin ƙofa. Na fara da ɓangaren mata. Ai kuwa sai baki ya buɗe. "La ilaha, ga Inna! Dubi yadda take ƙirga wainar nan kamar zinariya. Wannan Goggo Dija ce, ta ce ba ta da lafiya amma ta cinye kwano biyu." Ta yi ta kiran sunayen matattu tana dariya tana share ido. Da aka zo wajen gudun, ta ga kyamara tana tsalle cikin awaki tana jin Oga yana haki, sai ta kama ciki. Ta ce, "Wannan bawan Allah ya wahala. Har ɗaka muka ji faɗuwarsa."

Muka iso zauren. Na sako fuska ta farko ta cika allon.

Ta matso da kai. "Wannan Jauro ne, mai rowar goro. Allah ya jiƙansa."

Na sako ta biyu, wadda jikin Bello ya ba shi.

"Buba tela. Shi ya ɗinka musu rigunan nan, dubi wuyan a karkace."

Na sako ta uku. Wani siririn saurayi ne, ido a zare, baki a buɗe, hula ta zame gefe ta bar kunne ɗaya a waje, takalmi ɗaya a hannunsa. Shi ne wanda ya tsallake katangar.

Wannan karon tsohuwar nan ba ta kira suna ba. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta, ta sunkuyar da kai, ta juya kujerar a hankali har ta ba allon baya. Sannan ta tambayi bango ko ba a kira la'asar ba tukuna.

Na waiwaya. Bello ya baro jikin ƙofa yana tahowa, hannunsa ɗaya a kan kunnensa yana shafawa bai sani ba. Ya tsaya gaban allon, ya girmi mutumin da ke ciki da wajen shekara goma. Ya ce, "Assalamu alaikum, Baba," hawaye na zubo masa. Ni ma hawaye ya zo mini, ba zan ɓoye muku ba. Na ga abin ya yi nauyi, tsohuwa tana fuskantar bango, ɗanta yana kuka, sai na kai hannu zan wuce da hoton gaba.

Ba ta juyo ba, amma ta ji motsina.

Ta ce, "Mai hoto, kada ka taɓa. Bar shi ya huta, ya sha gudu ranar."